Sati na huɗu da tukunyar taliya: a ɗauraye ko a bar ta haka

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Kwana biyu kun ji ni shiru, famfon layinmu ne ya ɗauke, kuma abin dariya rashin ruwan nan shi ya koya min darasin wannan satin.

Kun san ni dafa taliya a wajen goggona na koya nan unguwar Nima a Accra, ita da take sayar da waakye, wato shinkafa da wake irin ta Ghana, tun ina 'yar firamare. Tsarinta ɗaya ne baya canzawa, in ta dahu a juye a matsami, a sheƙa mata ruwan sanyi sau biyu, a zuba mai kaɗan a yamutsa da hannu. Ni har ga Allah na ɗauka haka ake wa taliya duk duniya.

To ranar Laraba na dawo daga kasuwa a gajiye na ɗora taliya giram 250, ga miyar tumatir da sadin tana jira a gefe, sai da ta dahu na tuna galan ɗinmu ba ko ɗigo, fiya wata biyu suka rage kuma na sha ne. Haka na tace ta ina gunaguni na juye cikin miyar da zafinta na juya. Jama'a! Miyar nan ta kama kowane sili kamar an shafa da hannu. Da can in na ɗauraye, miya zamewa take ta taru a gindin faranti ruwa-ruwa, taliyar tana sama fara sol kamar suna gaba da juna, ni kuma ina ta ɗora wa tumatir laifi ashe ba ruwansa.

Wannan fari-farin da ruwan dahuwa yake yi, mai ɗan yauƙi, sitaci ne da ya fito daga jikin taliyar, shi ke riƙe miya. In kika ɗauraye kin wanke shi, kin wanke gishirin da ke jikinta, kin kuma kashe zafin. Shi ya sa mutanen Italiya ba sa ɗauraye wadda za ta shiga miya, har ma ɗibar ludayi guda na ruwan dahuwar suke su zuba a miyar don ta yi kauri. Na gwada, ludayi ɗaya ya isa, na biyun da na ƙara saura kaɗan ya mayar min da ita koko.

Sai kaina ya fara girma, na je ina gaya wa Goggo wai shekara da shekaru kuskure take yi. Ko ɗago kai ba ta yi ba tana yanka wele, wato ganda, ta ce "ke 'yar nan, Bature ya taɓa sayar da waakye?" Na yi shiru. Ranar Asabar da ruwa ya dawo na dafa leda guda na raba biyu, rabi na ɗauraye na sa mai, rabi na bari haka a roba, na rufe na tafi wanki. Bayan awa ɗaya wadda ban ɗauraye ba ta dunƙule kamar curin tuwon banku, in ka ja sili ɗaya duk robar ke biyo ka, ɗayar kuwa warara abinta. To ita Goggo da asuba take dafa tata, ta zauna a baho har hantsi ana tsakura ana ɗora wa shinkafa da gari da shito, wato baƙar miyar barkono, sitacin da ke min amfani a miya ita ciniki zai ɓata mata. Na koma na ba ta haƙuri, ta sa ni wankin tukwane.

Haka ma taliyar Hausa 'yar murji, ita da fulawa ake yi, ba irin alkamar durum mai tauri ta taliyar leda ba, tana sakin sitaci sosai, ni dai ban iya cinta ba ɗauraya, caɓewa take. Amma don Allah ruwan ɗauraya ya zama wanda za ki iya sha, tunda ba wuta za ta koma ba.

Awon da ake koyarwa shi ne lita 1 na ruwa da gishiri giram 10 ga kowane giram 100, wato fiya wata biyu ke nan. A Accra ɗin nan wa ke da wannan ruwan? Ina rage shi, sai dai in tsaya a kai in yi ta juyawa minti biyun farko, don lokacin ne take mannewa. Man da nake zubawa a ruwan tafasa kuma na daina, a sama yake yawo kawai, asarar kuɗi. Wadda za ta shiga miya ina sauke ta saura minti ɗaya a kan abin da aka rubuta a leda, ta ƙarasa a cikin miyar.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu jalof ɗin taliya zan sake gwadawa, ita ba tacewa balle ɗauraya. Sau biyu tana kama min a gindin tukunya a kan kurfoti, wadda ta san awon ruwanta ta taimaka min kafin Juma'a.