Yadda mai kwashe shara ya tafi da jerin lambobina

Ba son nuna gwaninta ne ya sa na haɗa harsunan shirye-shiryen kwamfuta Python da C ba, ƙarancin RAM ne, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta. Ina da jerin lambobi miliyan 50 a NumPy, kayan aikin lissafi na Python, kowace lamba nau'in float64 mai cin bayit 8, wato megabayit 400 ke nan. Lissafin da nake yi a kansu yana jan ƙafa a Python, sai na sake rubuta shi da C. Kwafar jerin gaba ɗaya zuwa C zai ninka nauyin da kwamfutata ke ɗauka, don haka na ce bari in miƙa wa C adireshin inda lambobin suke zaune kawai. NumPy ya sauƙaƙa wannan: `a.ctypes.data` yana ba ka adireshin bayit na farko.

Na rubuta ƙaramin aiki a Python wanda ke karɓar jeri, ya wuce da shi ta `np.ascontiguousarray`, ya miƙa adireshin ga C. Shi kuma C sai ya ajiye adireshin, ya yi amfani da shi a kira na gaba. Na gwada da ƙananan jeri, komai lafiya lau. Da na saka ainihin bayanan, shirin ya mutu nan take, ba ko sallama, sai saƙon segmentation fault, wato shirin ya taɓa ma'adanar da ba tasa ba.

Kwana biyu ina zargin lambar C ɗina, alhali laifin yana layin Python da na ɗauka ba shi da wata illa. Idan jerin da ka ba `ascontiguousarray` dama a jere yake a ma'adana, to shi ɗin zai dawo maka da shi. Idan kuwa ba a jere yake ba, kamar jerin da aka juya da `a.T` ko aka tsallake ginshiƙansa, sai ya yi sabon kwafi. Jerin gwajina duk a jere suke, ainihin bayanan kuwa juyayyu ne. Kwafin nan babu mai riƙe da shi sai wani suna na cikin aikin. CPython, wato manhajar da ke gudanar da Python, yana ƙidaya masu riƙe da kowane abu, da zarar ƙidayar ta koma sifili sai ya saki ma'adanar. Aikin yana ƙarewa, kwafin ya tafi. Adireshin da ke hannun C lamba ce tsurarta, ba ta shiga ƙidayar. C yana riƙe da makullin ɗakin da an riga an ba wani haya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da na gwada ƙaramin jeri juyayye, bai mutu ba. A Linux, malloc na glibc, wato aikin C mai ware wa shiri ma'adana, kan karɓo manyan gutsattsarin ma'adana kai tsaye daga tsarin aiki ta mmap, kuma idan an sake su sai ya mayar wa tsarin aiki nan da nan, shi ya sa taɓa su ke kashe shiri. Ƙananan kuwa suna nan a hannun shirin, tsofaffin lambobin na kwance har sai wani ya rubuta a kansu. Wato da bayanaina ƙanana ne, da na ci gaba da samun amsa, wani lokaci daidai, wani lokaci shirme, ban sani ba. Gara wanda ya mutu.

Gyaran bai wuce layi biyu ba. Na mayar da aikin aji (class), na ajiye jerin a `self._jeri`, ta yadda muddin C na buƙatarsa akwai mai riƙe da shi a ɓangaren Python.

A nan ma na ci sa'a, don CPython ba ya matsar da abu daga inda ya ajiye shi. Mai kwashe sharar Java da na .NET, wato sashen da ke sakin ma'adanar da ba a buƙata, suna iya kwashe abu mai rai su kai shi wani wuri don su tattara fili, don haka riƙewa kaɗai ba ta isa ba, sai an kafe shi: a C# da `fixed` ko `GCHandle`, a JNI, hanyar haɗa Java da C, da `GetPrimitiveArrayCritical`. Harshen Go ya hana C ajiye adireshin ma'adanarsa bayan kira ya ƙare, sai in an kafe ta da `runtime.Pinner`, wanda ya zo a Go 1.21 cikin 2023. Harshen Julia kuwa na da `GC.@preserve`, mai hana a saki abu yayin da ake amfani da adireshinsa.

Bayan mako guda na faɗa ramin ta ɗaya gefen. C ne ya yi malloc ya cika sakamako, ni kuma na naɗe shi da `np.ctypeslib.as_array`. Wannan jerin aro ne, NumPy ba zai taɓa sakin ma'adanar ba. In ban kira free, mai sakin abin da malloc ya ware, ba, RAM ya dinga cika. Da na kira shi da wuri, wani yanki da na yanko daga jerin ya koma nuna shara. Duk jerin NumPy da bai mallaki ma'adanarsa ba yana iya samun `base`, wato abin da ya mallaki ma'adanar, kuma duk yankin da aka yanko yana riƙe da shi. Sai na koma C, na gina jerin da `PyArray_SimpleNewFromData`, na saka adireshin a PyCapsule, wani ƙunshin Python mai kiran free ranar da aka sake shi, na ɗaura shi da `PyArray_SetBaseObject`. Na sa `printf` a cikin mai sakin, na goge jerin da `del`, shiru. Da na goge yankin ƙarshe sai saƙon ya fito, sau ɗaya.