Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Aka Jira Jini

Makon jiya na tsaya inda muka baro Tawa da asuba, muka bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ina zaune a kan ɗuwawu guda har Yamai. Radiyon, wato hoton ƙashi, da aka yi mini a gida bai nuna komi ba. Sai hoton IRM, na'urar da ke leƙa cikin jiki da maganaɗisu, ya tona asiri: kan ƙashin cinyata na hagu, wannan dunƙulen da ke juyawa cikin ƙugu, wani sashensa ya mutu.

Lokotoro ya fara da tambayoyi. Ina da amosanin jini? An gwada, babu. Na taɓa karaya ko gocewar ƙashi? A'a. Sai ya aje alƙalami ya ce, "Madam, wane magani kika daɗe kina sha?" Inna na zaune kusa da ni. Na sunkuyar da kai na ce ƙwayoyin ƙiba ne, dexamethasone, tun kafin aurena, wajen shekara biyu. Ƴan mata nawa ke sayensu a tebur kamar alewa! Ba wanda ya taɓa ce mana suna taɓa ƙashi.

Ya zana mini a bayan takarda. Ashe ƙashi ma da jini yake rayuwa, kuma jijiyoyin da ke ciyar da wannan dunƙule ƙanana ne, galibi ta bayan wuyan ƙashin suke hawa. In suka toshe, wurin ya bushe daga ciki, a hankali ya rufta. Ya ce cutar mataki 4 gare ta, tawa tana na 2, dunƙulen bai lotsa ba tukuna.

Ranar aikin allura aka yi mini a gadon baya. Daga cibiya zuwa ƙasa ba nawa ba ne, amma kunnena garau. An sa ƙyalle kore tsakanina da su. Ina jin ƙarar abin huda ƙashi, irin ta masu gyaran haƙori, sai ta ɗauke. Shiru. Lokotoro ya riga ya faɗa mini abin da za su yi: su kankare mataccen ƙashi, su huda ƙaramin rami kamar milimita 2 a gefen da ake zaton mai rai ne, su zuba ido. In jini ya ɓulɓulo, sun iso inda ke da rai, nan za su dasa guntun ƙashin da suka ciro daga ƙuguna. A Turai, in ji shi, wasu na ɗora na'ura mai hasken leza ta auna gudun jinin. Mu ido ne na'urarmu.

Rami na farko a bushe. Na gane daga yadda ba wanda ya tanka. Na shiga Hasbunallahu ina ƙirga fitilun rufi. Ƙarar ta dawo, ta sake tsayawa. Can na ji mataimakinsa ya saki numfashi, lokotoro ya leƙo ta saman ƙyallen ya ce, "Madam, yana zubowa."

Ni da ko yankan kaza ban iya kallo, sai ga ni ina tambaya, "Da yawa?" Ya ce daidai gwargwado.

Inna kuwa da aka ce mata jini ya fito, salati ta saka a bakin ƙofa, sai da wata ma'aikaciya ta zaunar da ita ta yi mata bayani.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin sanduna biyu, da yadda muka kwashe da uwar mijina a kan daka.