Daga Alƙahira: maganar burodin walimarmu

Assalamu alaikum mutanen gida, ya ruwa, ya aka ji da hidimar sallah? A bar gaisuwar haka dan Allah, saboda tun da na ɗora hoton walimarmu ta Babbar Sallah tambaya ɗaya ke ta shigo min, wai wancan tulin burodin da ke bayana sayarwa nake ko karatun na ajiye na kama aikin gidan burodi. Bari in amsa gaba ɗaya in huta, in ya so sai in taɓo maganar iƙama, wato takardar izinin zama, da kuɗin haya da wasu suka tambaya.

Mu ɗaliban da ke zaune wajen unguwar Hayyul Ashir, 'yan Najeriya da Nijar da su Chadi da Kamaru, karo-karo muka yi aka sayi dabba, ni kuma aka ɗora min burodi. A nan burodi ba abokin shayin safe ba ne kawai, da shi ake cin wake, da shi ake cin nama, da shi ake suɗe kwano. Aish baladi suke ce masa, zagayayye ne kamar gurasarmu ta Kano sai dai bai kai ta kauri ba kuma cikinsa rami ne.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na tallafin gwamnati, mai kati yana da guda 5 kullum, kowanne giram 90, kuma sama da shekara 30 ƙirshi 5 (ƙirshi kamar kwabo ne a nan, ɗari ke yin fam ɗaya) ake sayar da shi sai a watan Yunin 2024 aka mayar da shi ƙirshi 20, wato fam ɗaya ya sai maka biyar. Ba banza suka daɗe ba su taɓa farashin ba, a Janairun 1977 da Sadat, shugaban Masar na lokacin, ya janye tallafin abinci gari ya kama da wuta, cikin kwana biyu ya lashe amansa. Mu baƙi dai ba mu da kati, namu na kuɗi ne.

To mai gidan burodin unguwarmu, wani dattijo, da na ce masa muna son ɗaruruwa ranar sallah dariya ya yi, ya ce yaransa duk ƙauye za su tafi, in muna so mu zo da dare mu kama masa. Wallahi abin da na gani a daren nan shi ya sa na zauna rubutun nan. Kwaɓin ruwa-ruwa ne, yana kama hannu, in a gida ne cewa za a yi an ɓata fulawa. Mai yanka zai tsoma hannu a ruwa ya gutsuro ya jefa kan katako da aka barbaɗe da dusa, ba sikeli ba komai amma duk kai ɗaya suke fitowa, dusar ce ke hana shi mannewa kuma ita ce wannan ɗan garin da za ka ji a ƙasan burodin. A bar shi ya tashi, a danna shi da tafin hannu ya baje, a sake barinsa ya huta, sannan wuta. Wutar kuwa ba ta wasa ba ce, kana kallo zai kumbura ya zama ƙwallo, kafin ka ce kwabo ya fito ta ɗaya bakin.

Ni aikina shanya. Dattijon nan bai daka min tsawa kan komai ba sai kan leda, "ya ibni, kar ka rufe shi da zafi!" Sai an baza shi ɗai-ɗai a kan wani keji na zarban dabino ya sha iska, in ba haka ba gumi zai yi ya manne ya koma danƙo kafin azahar. Shi ya sa za ka ga Bamisire ya sayi burodi ya tsaya yana jera shi a kan mota ko benci, da ina ganin ƙazanta ce. Masu yi mana gurasar biki a gida, Inna har da ke, a daure a dinga barinta ta huce kafin a cusa a leda, kuma a yi magana da mai tanderu tun da sati, ba ranar ɗaurin aure da asuba ba a zo ana a taimaka.

Kawo shi ma wani kallo ne, yaro ɗaya ya ɗora kejin a ka ya hau keke, hannu ɗaya a sitiyari yana ratsa motoci, ni kuwa ina binsa a ƙafa ina salati.

Wanda ya rage bai lalace ba, maƙwabciyarmu ta koya mana fatta, a gasa shi ya yi ƙaras-ƙaras a zuba romo da shinkafa da tafarnuwa da binega a ɗora nama, abincin sallarsu ke nan. 'Yan Kano kuma suka ce sai an yi bandashe, sai dai ƙuli-ƙulin da muke da shi bai kai ko'ina ba.

Iƙama kam layi ne da haƙuri, haya kuma ta tashi, wannan sai wani jiƙon. Duk mai tahowa kafin a koma karatu ya riƙo mana ƙuli da yaji, a ɗaure da kyau kar ya zube cikin kaya.