Wasiƙa daga Grenoble: mu fara da garka

Ƴan uwana na Tawa da duk ƙasar Adar, assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafi? Ina gaida iyayenmu masu garake, daga Galmi har Madawa.

Shekara shida ke nan ina Grenoble ta Faransa. Inna tana gaya wa mutane ɗanta mai gyaran kuran ne, kuma ba ta yi ƙarya ba. Aikina maƙala ƴan na'urori a jikin bututun ruwa da fitilun titi, don su riƙa ba da labarin kansu ta intanet ba sai mutum ya je dubawa ba. Wadda na fi sawa da kaɗan ta fi kwalin ashana: batir, ɗan eriya, da abin da ke jin zafi ko laima ko gudun ruwa. Saƙonta gajere ne ƙwarai, shi ya sa batirin ke kai shekaru. Hanyar rediyon da take bi, LoRa, a garin nan aka ƙirƙiro ta kafin kamfanin Semtech na Amurka ya saye ta a 2012. Ko kontar wutar ɗakin da nake haya, mai suna Linky, da kanta take kai lissafi.

Intanet na kayayyaki ake ce wa wannan, sunan da wani Ba'ingile, Kevin Ashton, ya raɗa a 1999. Shagunan nan cike suke da firji da ƙwan fitila masu jin umarnin salula. Waɗannan ba su dame ni ba. Duk sanda na ɗaure na'ura a bututu, garkar Baba nake gani: ya fita tun kafin asuba don ya tayar da injin, ya tsaya cikin sanyin hunturu yana karkata ruwa fangali bayan fangali, ga kuɗin mai, ga ruwan da ke malala a banza in ya ɗan juya baya.

Kuma ɗan ƙasarmu ya riga ya nuna hanya. Abdou Maman Kané ya ƙera tsarin ban ruwa daga nesa: manomi ya danna lamba a salularsa, famfo mai aiki da hasken rana ya tashi, ruwa ya shiga shuka, shi kuwa yana gida ko kasuwa. A 2015 aka ba shi babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan na Biyu na Maroko. Abin da ya fi burge ni, ƙaramar salula mai madannai ta isa.

Irin wannan nake so mu yawaita. Kowa ya san yadda albasa ke yi a rudu: a zuba ta ana jiran kuɗinta ya tashi, zafi da laima su shiga, ranar da aka buɗe a tarar da ɓarna. Ƴar na'ura a tsakiyar tarin za ta iya aiko da saƙo tun ruɓa ba ta yi nisa ba. Haka firjin rigakafi a likitar ƙauye, wanda dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8. Haka famfon da makiyayan Azawak ke yin tafiyar yini su iske ya lalace.

Sai dai ku ji abin da ya same ni. Na taɓa sayen na'urar auna laimar ƙasa na aika wa Baba. Rani ɗaya ta yi aiki, kamfanin da ya yi ta ya rufe, kwamfutar da ke karɓar saƙonta ta mutu, na'urar ta zama ƙarfen banza alhali lafiyarta lau. Raina ya ɓaci sosai, don Baba ya fara yarda da ita. Tun daga nan, kafin in sayi wani abu sai na tambaya: in rezo ya ɗauke, yana aiki? Mai gyaran salula na kasuwar Tawa zai iya buɗe shi? Bayanan gonata, hannun wa suke zuwa?

Sannan don Allah a canza lambar sirrin da kaya ya zo da ita. A watan Oktoba na 2016, wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta shiga dubban kyamarori da akwatunan intanet da masu su suka bar lambar kamfani, aka haɗa su aka kai hari har Twitter da Netflix suka tsaya a sassan Amurka. Famfon da za ka iya tayarwa daga nesa, wani ma zai iya, in ka bar ƙofa buɗe.

Ƙannena na jami'ar Tawa, da ku masu gyaran salula da rediyo, ku nake nufi da wasiƙar nan. In Allah ya yarda, bayan damina zan zo da na'urori goma waɗanda mu da kanmu za mu iya kwancewa mu ɗaura. Biyar a fangalin Baba, biyar a rudu. Mai son koyo ya zo da abin liƙe waya da littafin rubutu, mu zauna kansu har a cire albasa.

Ɗan uwanku,
daga Grenoble