Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Aikin bi gida-gida

Assalamu alaikum jama'a, satin da ya wuce mun tsaya inda na gama NCE ina zaman jiran aiki a gidanmu na unguwar Jekadafari a Gombe. To a 2014 wata ƙawar Yayata ta kai sunana aka ɗauke ni cikin masu tambayoyi a binciken cin zarafin yara da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. Irinsa a Suwazilan aka fara a 2007, Tanzaniya da Kenya suka biyo baya.

Wajen tirenin an ja mana kunne sosai. 'Yan shekara 13 zuwa 24 ake tambaya, mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji, kuma unguwar da aka zaɓa ta mata ba a tambayar maza a cikinta, don kar mai ɓarnar ya san tambayoyin da aka yi wa yarinya ya huce a kanta. Maigida ma ce masa ake batun lafiya da karatun matasa ne.

Wahalar aikin ita ce keɓewa, gidan Bahaushe ina za ki samu yarinya ita kaɗai? Wani gida a wajen Kumo matar gidan tabarma ta shimfiɗa dab da mu tana tsintar wake, sai da na ce Inna don Allah a taimaka min da ruwan alwala sannan muka zaga bayan rumbu. Yarinyar 'yar riƙo ce, tallan awara take, tana gyara hijabi na ga shatin wayar rediyo a damtsenta, wani ya bushe wani ɗanye, wai cinikin jiya ne bai cika ba. Da muka zo tambayoyin taɓa jiki ta yi shiru tana tonon ƙasa da tsinke, can ta gyaɗa kai. Na ce ƙanwata akwai masu taimako zan iya haɗa ki da su, ta ce a'a Anti, in Gwaggo ta ji ina zan kwana? Ka'ida kuma ba a tilastawa, haka na fito wallahi ƙafata kamar ba tawa ba.

A Satumban 2015 sakamako ya fito, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shekarar yaƙi da abin. Yara 6 cikin 10 sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18, mace 1 cikin 4 da namiji 1 cikin 10 ta hanyar lalata. Ni wanda ya fi ci min rai shi ne waɗanda suka samu taimako ba su kai 5 cikin 100 ba, alhali dokar haƙƙin yara tun 2003 take, amma mu nan da abu ya faru sai a ce a rufa asiri, a kashe wutar a zaure.

Kuɗin aikin na sayi keken ɗinki da su, a kan keken nan kuma rigimata da Baffa ta samo asali. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.