Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Mai Bin Kusu

Makon jiya na tsaya inda Kawu ya furzar da goro ya ce, "Duk bokon nan, ashe kusu za ka bi?" Da maganar nan na shiga mota a Maraɗi, da ita na sauka Kaolack ta ƙasar Senegal, inda na ga gishiri tsibi-tsibi kamar dalar gyaɗar da Baba ke ba mu labari.

Daga nan sai Toubacouta, a yankin da kogin Saloum ke shiga teku. Ni ɗan Gulbi ne, ruwan da na sani damina ke kawo shi, rani ya bar mana yashi. Can kuwa sau biyu teku ke hawa ta janye tsakanin dare da rana, in wata ya cika ko ya ɓuya hawan ya fi ƙarfi. Bayan itatuwan mangoro na ruwa, waɗanda ba su haɗa komai da mangwaronmu ba, akwai fili fari fat da gishiri, suna ce masa "tan". A gefensa tawagarmu ke aikin binciken kusu, inda ciyawa mai kaurin ganye ke iya rayuwa.

Da la'asar mu jera tarkunan ƙarfe masu ninkewa, taku goma tsakani, mu shafa tunkuza a ciki. Da asuba mu koma. Kowane kusu a auna nauyinsa, a duba mace ce ko namiji, a sa masa alama a kunne, a sake shi inda aka kama shi. Sannan a ajiye katako mai kusurwa huɗu, mita 1 kowane gefe, a rubuta duk tsiron da ke ciki. Bayan damina mu zo, tsakiyar rani mu sake zuwa, don a ga abin da ya ragu.

Dare ɗaya nake jin zafinsa har yau. Wani dattijo masunci ya ce mini, "Ɗana, ɗaga tarkonka, yau ruwa zai kai nan." Shugaban tawagarmu ya ce a bar su. Na yi shiru don ni ne ƙarami. Da safe layin ƙasa duk ya nutse, dabbobin ciki sun mutu, har da jaba. Kuma a kaina aka ɗora. Kakata da ta ga ambaliyar 1945, wadda ta sa Maraɗi ta hau tudu, kullum cewa take mai gari ya fi baƙo sanin ruwa. Na san haka, ban buɗe baki ba.

A 2011 da UNESCO ta sa Saloum cikin kayan gadon duniya, ina gida na ji a rediyo. Na so Kawu na kusa.

"Kusu za ka bi," in ji Kawu. Shekarar da kusu suka shiga rumbunansa a ƙauye, wa ya aika a kira? Na je, na duba kashinsu da hanyarsu, na sa aka ɗaga rumbun, aka share ciyawar gindinsa, aka toshe ramuka. Ya ce, "Allah ya yi albarka." Na ce, "Amin, Kawu." Amma waccan maganar bai janye ta ba har ya koma ga Mahaliccinsa, Allah ya jiƙansa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda Inna ta hana ni komawa zuwa na huɗu.