Sawun da na tarar a bayan akurki

Yau da asuba na fita buɗe wa kaji, sai ga sawu a bayan akurkin da na gama haɗawa shekaranjiya. Ko muzuru ne ko tunku, oho, amma ya sha tono a gindin bango har ya ci karo da ragar wayar da na binne, zurfin santimita 30, ya haƙura. Na daɗe a tsugune ina kallon ramin nan. Ranar da nake haƙan, har cewa na yi wahalar banza ce, tunda na rufe sama da gefe.

Na zare sakata, suka fito ɗaya bayan ɗaya ina ƙirgawa. Tara cif, alhamdulillahi. Na san dai da dare zai dawo.